Daren Alhamis

Taswira ta rufe teburin kicin.
Baba ya danne kusurwa ɗaya da ƙoƙon shayin mate,
ɗayar da tsohon almakashinsa na askin tumaki.
Daga Esquel zuwa tafkin Posadas, in ji shi,
tafiyar ba ta da wuya, Ofelia,
tambayar ɗaya ce: ina za a kwana.

Ni da waya a hannu, shi da fensir a kunne.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin hanyar nan
a bayan babbar mota, shi da 'yan aski goma sha biyu,
daga garke zuwa garke, har yatsunsa suka kanannaɗe.
Bai riƙe lambar kilomita ko ɗaya ba,
amma ba dutsen da bai laƙaba wa suna.

Daren farko, ya ce, bayan an wuce Tecka,
akwai jerin itatuwan alamo masu tare iska,
a gindinsu rafi, sanyinsa har cikin haƙori.
Na duba. Waya ta ce an kewaye wurin da waya,
an kafa allo, an sa kuɗin shiga,
akwai banɗaki, akwai wurin cajin fitila.
Ya yi dariya har ya ƙware:
yanzu inuwa ma sayenta ake a Ajantina?

Dare na biyu ni na zaɓa,
filin tantuna a Río Mayo, kusa da gidan mai,
don a-kori-kurarmu mashayiya ce, kudu kuwa da nisa.
Bai yi musu ba. Ya dai ce
a juya ƙofar tanti gabas,
a ɗora dutse kan kowane turke.
Wanda ya raina iskar yamma
zai farka ba rufi tsakaninsa da rana.

Sai dare na uku.
Fensir ya tsaya a wani wuri fari fat,
ba gari, ba layin rafi, ba ko ɗigo.
Nan Herminia take, in ji shi.
Bukkar kwano, karnuka uku, murhun da ba ya mutuwa.
Ba ta tambayar baƙo daga ina
sai ya ci, ya ƙoshi, ya zauna.

Na ja hoton da yatsa biyu, na buɗa, na ƙara buɗawa:
busasshiyar ƙasa, ƙaya, inuwar gajimare.
Baba, yaushe rabonka da ita?
Ya ƙirga, yatsu suka ƙare,
ya sake farawa, ya bari.
Lokacin ma, ya ce, da sanda take dogarawa
ta fito ta tarbe mu a kwana.

Ruwan buta ya huce, na mayar kan wuta.
Ban yi masa lissafin ba,
ya iya, ya ma riga ni gamawa.
Na ce akwai masauki mai gado huɗu gaba kaɗan,
in kira a ajiye mana ɗaki?
Ya shafa farin wurin da babban yatsa
kamar mai lallashin ɗan rago.
Ko bukkar ta faɗi, ya ce, bangon dutsen yana nan,
bango kuwa bai taɓa hana baƙo kwana.

Na rubuta a bayan ambulan:
Talata, alamo, a biya.
Laraba, Río Mayo, a cika tanki, a sayi burodi.
Alhamis na bar ta fari kamar yadda na same ta.
Na dai ƙara jarkar ruwa biyu,
bargo na uku, maganinsa na hawan jini,
da ƙullin ganyen mate wanda ya fi namu tsada.
Ya gani. Bai tambayi ko na wa ne ba.
Ya ninke taswira a kan tsohon karinta,
ya ce mu tashi kafin fitowar rana.